Hanyar Falgore ta Rano: Zangunan da Babban Titi Ya Bari a Gefe

Daga birnin Kano zuwa dajin Falgore tafiya ce ta kilomita 150 ko kusa da haka. Direban da ya san hanya titin Zariya zai kama, ya wuce Kura da Kadawa, ya karya hagu a Kwanar Dangora, ya ratsa Tudun Wada, kafin rana ta take sai ya ga itatuwa sun rufe titin dama da hauni. Ita ce hanyar motocin Jos, kuma ba ta da laifi ga wanda sauri ya dame shi. Sai dai mai bin ta yakan isa dajin bai san abin da ya iske ba. Zai ga kurmi, ya ɗauka haka Allah ya ajiye shi tun fil'azal, ba ruwansa da garuruwan da aka baro a baya.

Fataken da ba haka suke lissafin tafiya ba. Madugu da zango yake auna nisa, kuma ba ya sauke ayari sai inda akwai dalili: rijiya, ko kasuwa, ko ganuwar da za a kwana a bayanta. In aka ari wannan lissafi nasa, akwai wata hanya ta zuwa Falgore da ta fi ta Kwanar Dangora tsawo da gajiyarwa, wadda ke rabuwa da titin Zariya tun daga Karfi, ta bi ta Bunkure ta shiga Rano, ta leƙa Kibiya. A ganina ita ce ta cancanci a bi, musamman tun da a ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da sanya Falgore cikin dazuzzuka goma da za a mayar gandun daji na ƙasa. Duk wanda ya tsaya a waɗannan zanguna zai gane cewa dajin nan ragowar wata tsohuwar iyaka ce, kuma ƙasar da ke tsakaninsa da birni ta daɗe tana ba Kano abin da Kano ke alfahari da shi, ba tare da an cika ambaton sunanta ba.

Zangon farko na baba ne. Karfi a yau da gasasshiyar masara aka san ta, kuma babu dalilin da zai hana matafiyi ya tsaya ya saya. Amma ƙasar Kura, wadda Karfi ke cikinta, da maƙwabciyarta Bunkure, su ne zuciyar sana'ar da ta kai sunan Kano har bakin Bahar Rum. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar, ake fitarwa waje, sun kai darajar wuri miliyan 300 a shekara. Mai karanta wannan adadi yakan kawo kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata a ransa. Alhali kuwa kaso mai yawa na aikin a garuruwan karkara ake yin sa, kuma masanin tarihi Philip Shea, wanda ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa garuruwan kudu da birni su ne suka ƙware a kan kayan da ake kai wa Buzaye. Rawanin da Abzinawa ke naɗawa, mai sheƙi kamar an shafa masa ƙarfe, ɗan Kura ake ce masa, sunan garin da ya fito.

Yana da kyau a san yadda aikin yake, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa ya zauna a nan. Rini yana son ganyen baba, wanda ake nomawa, a yanke, a daka, a dunƙule, a shanya. Yana son toka, ita kuwa itace take ci. Yana son ruwa mai yawa, da auduga, da masaƙan da za su fitar da ƙyalle siriri a ɗinke shi fatala-fatala. In marini ya tsoma turkuɗi a karofi ya fitar sau da yawa har ya yi baƙi wuluk, sai a miƙa wa mabuga, su barbaɗa masa garin shuni, su yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Birni yana da dillalai da masu jari da masaukan baƙi. Gonar baba da itacen toka da fadamar ruwa kuwa kudu ke da su. Shigowar yadin Turai da rinin kanti a zamanin mulkin mallaka ya durƙusar da sana'ar, kuma ramukan karofi da dama sun cike da ƙasa. Wanda ya tambayi dattawan unguwa za su nuna masa inda suke.

Daga Bunkure ƙasa takan fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin da aka saba gani a kewayen birni sai ya fara tsiro da duwatsu, wasu a mulmule kamar an kife ƙwarya, wasu a ɗore kan juna kamar da gangan aka jera su. A tsakiyar waɗannan duwatsu Rano take.

Babu yaron makarantar da bai haddace sunanta ba. Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram: Hausa Bakwai. Labarin Bayajidda ya ce Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka kafa sarautu, Zamnakogi ne na Rano, kuma har gobe Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano kirari da shi. Labarin ya kuma raba wa 'ya'yan aiki: Gobir yaƙi, Zazzau bayi, Katsina da Daura kasuwa, Kano da Rano kuwa sarautar baba. Masana irin su Abdullahi Smith sun daɗe da jan hankali cewa kada a ɗauki wannan labari a matsayin rahoton abin da ya faru daki-daki, kuma suna da hujja. Amma ko da an ƙaga shi ne daga baya, wanda ya ƙaga shi ya san ƙasarsa. Ya san cewa in ana maganar rini, ba a ambaton Kano a bar Rano. Smith ɗin dai shi ne ya yi bayanin cewa tsoffin biranen Hausa a gindin duwatsu suka tsiro, inda ake samun tama da ruwa da mafaka, inda kuma mutanen da ke ganin iskoki na zaune: Dala a Kano, Kufena da Turunku a Zazzau. Wanda ya tsaya a Rano ya ɗaga kai, ba ya bukatar a ƙara masa bayani.

To, me ya sa Kano ta zama Kano, Rano kuma ta tsaya inda ta tsaya? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Rano mutum kimanin dubu 145, adadin da wasu unguwannin birni kaɗai sun fi shi. Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce kusanci. Gobir da Katsina da Zazzau suna da tazarar kwanaki tsakaninsu da Kano, suna da sararin da za su ja da baya su sake shiri. Rano kuwa tafiyar kwana biyu ce a ƙafa. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce Sarki Yaji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa, ya shiga ƙasar, ya zauna a wani wuri da ake kira Bunu shekara biyu. A zamanin Yajin ne Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, a zamaninsa ne kuma aka ci Santolo, dutsen da ya daɗe yana gagarar sarakunan Kano, wanda ke ƙasar Dawakin Kudu ta yau. Watau Kano ba ta zama daula ba sai da ta haɗiye kudancinta, kuma Rano na cikin abin da ta fara haɗiya. Hanyoyin Sahara da suka buɗe daga baya ta arewa suka zo, suka tsaya a kasuwar Kurmi. Abin da ya iso Rano sai ta hannun Kano.

Abin sha'awa shi ne sarautar ba ta mutu ba. Ta zauna ƙarƙashin Kano tana riƙe da sunanta na sarki, kamar yadda Gaya da Ƙaraye da Dutse suka riƙe nasu, ta ga zamanin Haɓe, ta ga na Fulani. Da Turawa suka tsara gundumomi a farkon ƙarni na 20 sai Sarkin Rano ya zama ɗaya daga cikin hakiman Sarkin Kano, yana da tambari amma yana karɓar umarni. Haka aka tafi har watan Mayun 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa sababbin masarautu huɗu masu daraja ta ɗaya, Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, ta ba Alhaji Tafida Abubakar Ila sanda. Ya rasu a watan Mayun 2020, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. A watan Mayun 2024 majalisar jiha ta soke dokar, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da masarautar Kano guda, sannan a watan Yuli ta sake kafa Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano, Bunkure, Kibiya. Ba nan ne wurin yanke hukunci kan wace gwamnati ta yi daidai ba, kuma kowa ya san siyasar birni ce ta tuƙa al'amarin a duka lokutan biyu. Abin da ya shafi matafiyinmu shi ne, a shekaru biyar ɗin nan masarautar Rano ta haɗa har da Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ƙananan hukumomi ukun da dajin Falgore ya ratsa. A takarda dai, Autan Bawo ya yi sarautar dajin gaba ɗayansa, kafin alƙalami ya sake juyawa.

In ka isa Rano, ka nemi izini ka gaida fada, ka zaga inda ragowar ganuwa take, ka hau dutse in ƙafarka za ta iya. Daga sama ne ake gane dabarar waɗanda suka zaɓi wurin: mai tsaro ɗaya a kan dutse zai hango ƙurar dawaki tun suna nesa.

Kibiya tana gabas da Rano, kuma a da ƙasa ɗaya ce da ita kafin a yanka mata ƙaramar hukuma. Ba ta cikin Hausa Bakwai, littattafan makaranta ba su ambace ta, mai neman abin ɗauka a hoto zai iya cewa ba komai a can sai gonakin dawa da gyaɗa da duwatsu. Zai yi kuskure. Garuruwanta, irin su Tarai da Fammar da Durba da Nariya, suna kan layin da a ƙarni na 19 ya raba inda ake kwana da ido biyu rufe da inda ake kwana da ɗaya a buɗe. Dangantakarta da gidan Rano kuma ba ta yanke ba: Kabiru Muhammad Inuwa hakimin Kibiya ne kafin ya hau gadon Rano.

Kudu da nan, a ƙasar Tudun Wada ta yau, akwai Burumburum. Sunan ba ya faɗa wa yawancin Kanawa komai, alhali a can ne mulkin Haɓe na Kano ya ƙare. Muhammadu Alwali, sarki na 43 a jerin da ya faro daga Bagauda, ya hau gado a 1781. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso Kano, malaman da suka amsa kira suka yi hijira suka haɗa runduna, aka yi ta gwabzawa har aka kai ga yaƙin Ɗanyaya, arewa da birni, inda rundunar sarki ta watse. Alwali ya nufi Zazzau, bai sami abin da yake nema ba, ya juyo ya kafa sansani a Burumburum. A nan rundunar masu jihadi ƙarƙashin Malam Bakatsine ta cim masa, aka kashe shi, wajen 1807. A duba zaɓin da ya yi. Sarkin da birni ya kuɓuce masa bai nufi arewa ko gabas ba, ya zo ƙasar duwatsu ta kudu, domin nan ce kaɗai mutum kaɗan ke iya tsare kansa daga mutum da yawa. Ƙasar da Yaji ya fara ci ita ce ta ƙarshe da ta ɓoye magajinsa.

Ba a yi shekara arba'in ba sai wasu suka sake yin irin wannan lissafi. Wajen 1846, a farkon mulkin Sarki Usman, wasu malamai daga Tsakuwa ƙarƙashin Malam Hamza suka ƙi biyan harajin ƙasa da ake karɓa, suna ganin ba shi da tushe a shari'a. Suka bar ƙasar Kano suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran al'ummun tsaunukan, waɗanda su ma suna da tasu ƙullalliya da masu farautar bayi daga Kano da Bauchi. Daga wannan haɗuwa masarautar Ningi ta fito, kuma Adell Patton, wanda ya yi bincike a kanta a shekarun 1970, ya nuna yadda ta zama ƙaya a maƙogwaron daular Sakkwato har zuwan Turawa. Ningawa ba su da yawan da za su ci birni. Abin da suka iya shi ne hari: a fito daga dutse da rani, a faɗa wa ƙauye da asuba, a kwashi mutane da dabbobi, a koma kafin dawakin Kano su iso. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, ya sha fita da kansa, Sarki Bello ma ya yi fama da su, ba wanda ya kawar da su.

Wa ya ɗauki nauyin wannan yaƙi na rabin ƙarni? Mutanen Rano da Kibiya da Sumaila da Tudun Wada. Su ne suka yi ta gina ganuwa suna yaɓe ta duk bayan damina, su ne suka koyi noma kusa da gari, su ne ake kama 'ya'yansu, kuma, don a faɗi gaskiya duka, daga cikinsu ake ɗibar mayaƙan da ke shiga tsaunuka su kamo 'ya'yan wasu. Marinan Kura na rini, dillalan Kurmi na ciniki, domin akwai wasu a kudu da hari ke fara faɗa wa. Ƙauyen da ba shi da ganuwa kuwa, ko ya tashi ya koma cikin mai ita, ko ya ɓace. Haka aka sami wani faffaɗan sarari tsakanin Kano da Ningi da Zazzau wanda zama a cikinsa ya zama ganganci, daji ya maye gurbin gonaki.

Ta wannan kusurwa ta kudu dai Turawa suka shigo. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, aka kashe sarkin garin, ranar 3 ga Fabrairu ta shiga Kano. Bebeji maƙwabciyar Rano ce ta yamma.

Daga Kibiya sai a juyo Rano a nufi Rurum, inda duwatsu suka fi ko'ina kyan gani, daga can kuma tafkin Tiga. Wannan zango na zamani ne, amma labarin bai canja ba. Kogin Kano yana tasowa ne daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore ya nufo arewa. Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, ya sa aka datse shi a Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ke cin Sahel. Bangon madatsar ya kai kilomita 6, tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, yana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Daga nan babbar magudana ke ɗaukar ruwa, ta bi ta Ruwan Kanya a ƙasar Rano, ta gangara zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa Legas, da shinkafar Kura, da masarar da ka saya a Karfi da tsakar rani, duk wannan ruwa ne. Wani kaso na ruwan famfon birni ma ga abin da ake saki daga Tiga ya dogara.

Ba na cikin masu raina wannan aiki. Ya ciyar da miliyoyi, ya ba manomi aikin rani a ƙasar da a da sai dai ya tafi cin rani. Amma kowane tafki yana da abin da ya binne. Akwai ƙauyuka da gonaki da maƙabartu a ƙarƙashin ruwan Tiga, an tashi mutanensu an sake musu matsuguni a tudu. Ruwan da ke kwance a magudanai ya yawaita tsargiya. A can ƙasa kuma, inda Kogin Kano ya haɗu da Challawa suka zama Kogin Haɗeja, ambaliyar shekara-shekara da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa a kanta ta ragu, ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Wani abin lura ga matafiyinmu: ruwa gangara yake bi. Yawancin gonakin Rano da Kibiya a tudu suke, magudana ta wuce su, har yau damina suke jira.

Audu Bako ya yi mafarkin yawon buɗe ido a wannan yanki. Ya gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka gina Rock Castle a kan dutse a Tiga, aka ɗaga darajar dajin da ke bayan tafkin. Nufinsa baƙo ya kwana a bakin ruwa, ya wayi gari ya shiga daji ya ga namun dawa. Bagauda yanzu reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ce.

Daga Tiga a koma babban titi, a bi ta Tudun Wada mai kasuwar shinkafa, sai Falgore. Turawa ne suka fara keɓe dajin a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, aka mayar da shi wurin kare namun daji a shekarun 1960. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, tafkin Tiga na arewa da shi, dajin Lame-Burra na Jihar Bauchi na kudu maso gabas. Itatuwansa na ƙasar da ta fi Kano ruwan sama ne: doka da maje da kirya da marke da kaɗanya. A da ana ganin gwanki da kanki da gwambaza da ɓauna. Yau wanda ya ga gwaggon biri a bakin titi, ko gada ta gilma, ya gode Allah.

Tambayar da ta dace a yi a bakin wannan daji ita ce: ta yaya aka sami fili mai girma haka ba kowa, a masarautar da ta fi kowace yawan jama'a a ƙasar Hausa? Rabin amsar mun baro ta a Kibiya. Ɗaya rabin ƙudan tsando ne. Inda mutane suka tashi daji ya yi kauri, namun dawa suka yawaita, tsando ya bi su, ya kawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, sai komawa ta yi wuya ko bayan an daina hari. Cutar barci ta yi tsanani a wannan sashe har ta sa Turawa suka tashi jama'a a Anchau, can ƙasar Zazzau, daga 1937, suka gina musu sabon gari da aka kira Takalafiya. Jami'in gandun daji da ya zo da taswira a shekarun 1940 ya tarar da ƙasa ba mai ita a ganinsa, ya ja layi. Ba Falgore kaɗai ba ce. A Yankari, wadda aka keɓe a 1956, ta zama gandun daji na ƙasa a 1991 kafin a mayar wa Bauchi a 2006, akwai tsoffin rijiyoyi da kogunan da aka sassaƙa a dutse da matoyar tama, shaidar cewa mutane sun zauna. Yellowstone ta Amurka, wadda aka kafa a 1872, ake kuma koyi da ita a duniya, ƙasar farautar 'yan asalin nahiyar ce kafin a hana su shiga. Can ƙarshen kudancin Kano, bayan Falgore, akwai Riruwai, inda maƙera ke narka kuza suna fitar da shi sili-sili tun kafin Bature ya san akwai kuza a Jos. Wurin da ake haƙar ma'adini ana kai shi kasuwa ba za a kira shi ƙarshen duniya ba.

Wannan tarihi yana da amfani a yau, domin dajin ya sake komawa aikinsa na da. A shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da shi maɓoya, titin Jos ya zama abin tsoro, har sojoji suka kafa filin atisaye a ciki. Dalilin da ya kai Alwali Burumburum, ya kai Malam Hamza Ningi, shi ne ya kawo su: iyakar jihohi uku, Kano da Kaduna da Bauchi, inda ikon kowace ke raunana. Masu yanke itace da masu gawayi da makiyaya da manoman da ƙasa ta yi wa kaɗan su ma suna matsa masa ta kowane gefe. In hukumar gandun daji ta ƙasa ta ɗauki Falgore a matsayin fili marar tarihi wanda shinge da bindiga za su tsare, za ta yi faɗa da maƙwabtansa, kuma su suka fi ta sanin hanyoyinsa. Jikokin waɗanda suka tsare wannan iyaka shekara ɗaruruwa suna nan a Tudun Wada da Doguwa da Sumaila da Kibiya da Rano, da dagatansu da sarakunan bakansu da arɗaɗansu. Ruwan da birni ke sha daga cikin itatuwan nan yake fitowa, kuma duk gangaren da aka sare, yashinsa a tafkin Tiga zai kwanta.

Ga mai niyyar tafiya, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa tsakiyar hunturu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, hanyoyin ƙauye suka bushe, tafki kuma yana cike. A fita da sassafe, a ba Rano da Kibiya wuni guda, kada a haɗa su da daji a rana ɗaya. Kafin a shiga Falgore a tambayi halin da ake ciki a Tudun Wada, a nemi rakiyar ma'aikatan gandun, kuma a tabbata an fito kafin la'asar sakaliya.